Telan da Ke Gefen Hoto

Kafin abin da zan ba da labarinsa ya faru, na yi imani cewa kwafi daidai yake da asali. A ganina fim bai wuce labari da 'yan wasa da abin da suke faɗa ba, kuma duk abin da na'ura ta zubar a lokacin da take rage girmansa dusa ce kawai, tsabar tana nan. Na riƙe wannan ra'ayi da ƙarfi, irin riƙon da mutum yake yi wa abin da bai taɓa gwadawa ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune har yanzu a gidanmu na Ƙofar Dumi, ni kuwa na daɗe da komawa Tirwun da iyalina. Tun bayan rasuwar mahaifinmu, kallon fim ya zama abin da take cike tsakanin azahar da la'asar da shi. Ta tara fayafayai da dama, waɗansu na Hausa, waɗansu na Indiya da aka fassara. Sai na'urar da take kunna su ta fara gajiya. Da farko sai an ɗan bubbuga ta take karɓar faifai, daga baya ko an bubbuga sai ta yi ta gurnani ta tofo shi. Mai gyara ya duba ya ce idonta ya mutu, kuma an daina kawo irinsa. Ni ne na ce a bar mini aikin. Talabijin ɗin da ke ɗakinta yana da wurin soka filashi, don haka na yi alkawarin zan juye mata fina-finan duka a filashi guda, ta huta da faifai.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu, ko da yake ni a lokacin ban san shi ba. A cikin fayafayan akwai wani tsohon fim na Hausa, marar wani armashi, wanda aka ɗauki wani yanki na farkonsa a lungunmu, a shekarun da nake aiki a wata jiha. Mahaifina tela ne, kuma a bakin shago yake kafa kekensa saboda haske. Ranar da masu fim suka zo suka roƙi mutanen lungu su kauce, kowa ya kauce ban da shi. Ya ce ba zai ajiye ɗinkin mutane saboda wasan yara ba. Haka ya fito a fim ɗin, can baya a gefen hagu, yayin da jarumin da wani ɗan wasa suke cacar baki a gaba. Mutum ne da bai yarda da ɗaukar hoto ba. In ban da na fasfon aikin Hajji, ba mu da nasa ko ɗaya. Wannan ɗan taƙaitaccen lokaci shi ne kaɗai wurin da ya rage inda ake ganinsa yana motsi. Da ya ji an ce ya fito, ransa ya ɓaci ƙwarai, har maganar ta zama abin da ba a tayarwa a gidan. Inna ta sani, ƙanwata ta sani. Ni babu wanda ya faɗa mini.

Na kwashe fayafayan a leda na kai gida, ina tsammanin aikin Asabar ɗaya ne. Fim na farko da na juye yadda yake, ba tare da na rage komai ba, filashin ya ƙi karɓarsa. Ga sarari fal, amma ya ce fayil ɗin ya yi masa girma. Sai da na yi bincike na gane cewa yadda aka tsara filashin, ba ya ɗaukar fayil guda da ya haura giga huɗu. Na sauya masa tsari, ya karɓa. Na soka shi a talabijin ɗin gidana, wanda iri ɗaya ne da na Inna, talabijin ya ce bai ga komai ba. Wato tsarin da yake ɗaukar babban fayil, talabijin ba ya ganinsa. Wanda talabijin yake gani kuma, ba ya ɗaukar babban fayil. Na mayar da tsohon tsarin. Babu mafita sai matsewa.

Matsewa ita ce a sa manhaja ta sake rubuta fim cikin ƙaramin wuri, ta hanyar watsar da abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba. Manhajar da na samo tana da wani ɗan ma'auni da ake ja: dama inganci, hagu ƙanƙanta. Ni kuwa na riga na ce filashi guda, kuma ba na son janye maganata, sai na ja shi hagu sosai. Akwai kuma wani zaɓi na goge ƙurar hoto, wanda yake sa fuska ta yi sumul, fayil ya ƙara raguwa. Shi ma na kunna shi. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka cike take da aikin ofis, saboda haka na sa manhajar ta riƙa karantowa daga faifai tana matsewa kai tsaye. Ban ajiye cikakken kwafin ko ɗaya ba. A lokacin dabara na ɗauke shi, har ina yaba wa kaina.

Daga nan wahala ta fara. Fayafayan kasuwa, waɗanda ake cusa fina-finai da yawa a guda, an riga an matse su har sun gaji. Da na ƙara matse su, duk inda aka fara rawa sai hoton ya farfashe ya zama murabba'ai, kamar tayil ɗin da aka shimfiɗa ba tsari. A wani fim murya ta riƙa zuwa a makare: a mari mutum, ya faɗi, ya tashi, sannan a ji ƙarar marin. A wani kuma mutane suka fito dogaye sirara, kamar an kalle su a bayan cokali. Kowane gyara yana nufin a sake farawa daga farko, kowace farawa kuma sa'o'i ce. Batirin kwamfutar ya mutu tun tuni, don haka da zarar an ɗauke wuta, aikin da ya kusa ƙarewa ya tafi ke nan. Na sha dawowa daga masallaci in tarar da fanka a tsaye da allon kwamfuta baƙi ƙirin.

Wata rana matata ta taɓa kwamfutar ta janye hannu da sauri.

"Malam, in ba za ka damu ba bari in ɗora ruwan shayi a kanta, mu huta da gas."

Ban yi dariya ba, ko da yake ya kamata.

Yadda nake duba kowane fim bayan ya gama shi ne in yi ta tsallake, in tsaya inda aka nuno fuskar jarumi ko jaruma kusa, in ga ko ta fito tsaf, in ga ko leɓe ya dace da murya. Idan waɗannan sun yi, sai in ce fim ya yi. Da wannan awo ne fim ɗin lungunmu ya ci jarrabawa tun karon farko. Na ga ƙofar makwabtanmu ta gilma, na ce a raina ashe an taɓa ɗaukar fim a nan, na wuce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai mata filashin. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. In magana za ta yi tsawo, takan juya ta faɗa wa wanda ke kusa, ni in ji. Ta karɓi filashin ta jujjuya shi a tafin hannu.

"Duk suna cikin wannan? Abu kamar ƙwallon dabino?"

"Duka, Inna."

"Ikon Allah. Allah ya yi albarka."

Na nuna mata inda za ta danna a rimot, na tafi da sauƙin zuciya. Juma'ar da ta biyo baya, bayan mun gaisa, sai ta ce, idonta a kan darduma:

"Sun yi kyau. Sai dai wancan na lungun nan bai yi ba."

"Me ya same shi?"

"Bai dai yi ba."

"Murya ce ba ta fita?"

"Ana jin murya."

"Ko yana tsayawa?"

"Ba ya tsayawa. A faifai dai ba haka yake ba."

Na kunna shi a gabanta. Ni ban ga aibu ba. 'Yan wasan ma sun fi kyau a nan. Ta kalli farkon kaɗan, ta miƙe ta ce za ta duba tukunya.

Na koma gida na ciro faifan. Na zaci launi ne, domin fim ɗin mai ja-ja ne irin na da, kuma matsewa ta sa ya ɗan koɗe. Na gyara launi na sake juyewa. Ta ce bai yi ba. Na zaci faɗin hoton ne, na maido shi irin na tsohon talabijin, da baƙin sarari a gefe da gefe. Bai yi ba. Na ƙara masa ƙara. Na ɗan ja ma'aunin zuwa dama, amma ban kashe zaɓin gogewar ba, tunda shi ne yake gyara fuskoki. Kowane mako in ajiye mota a bakin titi, in taka cikin lungu ina kauce wa babura da sabon kwafi a aljihu, amsar kuma ɗaya ce. Na fara zargin cewa tsufa ne kawai, cewa faifan take kewa, ba abin da ke cikinsa ba.

Wurin sa faifai na kwamfutata irin wanda sai an danna faifan a kan wani ɗan turke ya ce ƙas ne, kuma sai an fizgo shi wajen cirewa. Faifan fim ɗin lungunmu yana da 'yar tsaga a bakin ramin tsakiya, siririya kamar gashi. Na gan ta tun ranar farko. Ban san cewa daga ciki ake fara karanta faifai zuwa waje ba, ban kuma lura cewa kowace dannawa da fizgewa tana ƙara wa tsagar tsawo ba.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na fito daga ɗakin Inna na tarar da ƙanwata a tsakar gida tana yanka alayyafo. Malamar makaranta ce, tana aure a Miri, ita ma ranar Juma'a take zuwa.

"Ni fa na gaji," na ce mata da murya ƙasa-ƙasa. "Na gyara launi, na gyara murya, na gyara faɗi. Fim ɗin ma ba wani fim ba ne. Me take so in yi masa, in tara 'yan wasan mu sake ɗauka?"

Ta ajiye wuƙa ta dube ni.

"Yaya, tsakaninka da Allah, kana tsammani saboda wancan jarumin mai ƙaton wando Inna take kallon fim ɗin nan?"

"To saboda wa?"

"Ka taɓa ganin ta kalle shi har ƙarshe?"

Ban taɓa gani ba.

"Baba yana ciki," in ji ta. "A kan kekensa, bayan masu rigimar. A naka ɗin kuwa ya koma kamar jirwayen ruwa a bango. Ni na ɗauka ka sani, shi ya sa kake ta wahala a kansa. Ashe lalube kake yi."

"To me ya hana ta faɗa?"

"Ta ce maka me? Ta dubi ɗan fari ta ce ina mijina? Inna ce fa. Duk zaman da suka yi, ka taɓa jin sunansa a bakinta?" Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. "Kuma kar ka kuskura ka nuna mata ka gane. Wallahi sai ta daina kallonsa gaba ɗaya."

Da na koma gida na buɗe kwafin da na matse, na tsayar da shi a wurin, na kalli gefen hagu a karon farko. Akwai wani dunƙule mai ruwan ƙasa a jikin bango, wanda yake ɗan rawa lokaci-lokaci. Shi ke nan. Manhajar ta yi daidai abin da na umarce ta: ta kashe ƙarfinta a kan manyan fuskokin da ke tsakiya, abin da ke baya kuma ta haɗa shi da bango. Zaɓin gogewar kuwa ya ga ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama tabarau da gemu da hula, ya ɗauke su ƙura, ya share.

Na sa faifan na asali. A nan ya kamata in kwafe shi nan take, cikakke, kafin komai. Ban yi ba. Kunna shi na yi, domin ina son in gani. Ya yi ta ƙugi kafin ya kama, sannan ga lungunmu, ga shagon, ga shi. Kansa a sunkuye, ƙafarsa tana taka keke, hannunsa na hagu yana jan yadi. Da hayaniyar 'yan wasan ta yi yawa sai ya ɗago, ya dube su ta saman tabarau, ya girgiza kai a hankali, irin girgizawar da yake yi mana idan muka shigo gida bayan an idar da magariba, ya koma kan ɗinkinsa. Na mayar baya na sake kallo. Na sake. Da na dawo hayyacina na ce wa manhajar ta kwafe faifan yadda yake, sai ta kai daidai wurin ta cije, ta ce ba ta iya karantawa. Na ciro shi na ɗaga a hasken taga. Tsagar ta shigo cikin azurfar faifan, inda fim ɗin yake rubuce.

Na yi fushi, kuma na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa. Na fara da Inna, wadda jimla ɗaya daga bakinta da ta wadatar tun makon farko. Na koma kan ƙanwata, da ta ga jirwayen ta yi shiru. Na koma kan al'adar da take sa mace ta haihu da mutum, ta binne shi, amma ba za ta iya cewa tana son ganin fuskarsa ba. Sannan na tambayi kaina: ni da na sani yanzu, zan iya shiga ɗakinta in ce, Inna, na ga Baba? Ba zan iya ba. Kunyar da nake zargi ita ce ta raine ni, kuma ina cikinta tsundum. Har wani tunani ya zo mini cewa shi kansa mai hoton, da za a tambaye shi, cewa zai yi a bar shi ya goge. Wataƙila gaskiya ne. Amma ban amince da tunanin ba, domin bai zo ba sai a lokacin da nake bukatar uzuri.

Wani abokin aikina, mutumin Bogoro, yana da tsohuwar kwamfutar tebur a gida wadda yake juye waƙoƙin mawaƙan cocinsu da ita. Wurin sa faifanta irin na faranti ne, ana ɗorawa a hankali ba dannawa. Na faɗa masa matsalar, ban faɗa masa dalili ba. Na ce fim ɗin tsohuwata ne. Na je gidansa da yammacin Lahadi. Ya ɗaga faifan ya duba, ya yi tsaki.

"Oga, wannan ai ya riga ya yi sallama da duniya. Wa ya yi masa haka?"

"Ni ne."

"To, sannu da aiki. Mu gwada dai, mu sa shi ya tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai."

Muka rage saurin juyawar zuwa mafi ƙanƙanta, muka sa manhajar ta riƙa komawa kan duk inda ta kasa, idan ta gaji ta tsallake. Muka zauna a ƙarƙashin mangwaro, matarsa ta kawo mana zoɓo, kwamfutar tana ta ƙugi a ciki. Ya yi ta ba ni labarin ƙwallo, ina amsawa ba tare da na ji ba. Kunnena yana kan fankar falonsa, ina addu'ar kada a ɗauke wuta.

Ba a ɗauke ba. Abin da muka samu shi ne fim ɗin duka, ban da wani ɗan gurbi. Baba yana ɗinki, ya ɗago, ya dubi 'yan wasan ta saman tabarau, sai hoton ya daskare na ɗan lokaci, murya ta yanke, sannan ya yi tsalle zuwa inda ya riga ya sunkuya. Girgiza kan ta tafi. Muka sake gwadawa, wannan karon faifan ko farawa bai yi ba.

Na gwada cike gurbin da yanki daga kwafin da na matse. Abin ya fi muni: mutum ya ɗago da fuskarsa, ya narke, sannan ya dawo. Na cire. Na bar daskarewar, tunda aƙalla a cikinta fuskarsa ce take tsaye.

Abu mafi sauƙi a nan shi ne in yanko wurin shi kaɗai, ɗan ƙaramin fayil da ko a waya zai shiga ba tare da an matse shi ba. Na yanka wa kaina, na yanka wa ƙanwata. Amma Inna ba zan iya miƙa mata wannan ba, domin miƙa shi daidai yake da in ce mata na san abin da take kallo. Dole fim ɗin ya je mata dukansa, da mai ƙaton wando da waƙoƙinsa da duk shirmen da ke ciki, a cikakken girmansa. Na raba shi gida biyu don kowane rabi ya shiga, na kashe duk wani zaɓi na gogewa, na sayi filashi na daban na sa shi shi kaɗai.

Na kai mata na ce, "Inna, na sake gwada wancan. Faifan ya tsufa, akwai inda yake ɗan tsayawa a farko, ba yadda zan yi da shi."

Na soka, na kunna, na ce zan leƙa in gaida makwabta, na fita. Da na dawo ta riga ta kashe talabijin. Ƙanwata tana zaune a bakin gado. Na nemi wuri na zauna ina jira.

"Wannan ya yi," in ji Inna, tana fuskantar ƙanwata, ba ni ba. Can ta ƙara da cewa, "Faifan ma ai ya yi ƙoƙari."

Ba ta ce komai a kan wurin da yake tsayawa ba, ni ma ban tambaya ba. Har yau ban san ko ta san ni ne sanadin gurbin ba, kuma babu hanyar da zan bi in sani.

Faifan bai sake karantuwa a kowace na'ura ba. Yanzu idan na je gidan na jiyo hayaniyar masu rigimar nan daga ɗakinta, a zaure nake tsayawa har wurin ya wuce, sannan in yi sallama.